An bar jaki ana dukan taiki: Idan batir ya ƙi ɗaukar caji, laifin wa?

Duk mai yawan leƙa TikTok, Instagram ko YouTube, da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: saurayi ko budurwa a Amurka ko Turai sun mayar da mota gida. Ga gado, ga ɗan kicin, ga firji, wani lokacin har da wurin wanka. Sun faka a bakin teku ko gindin tsauni suna kurɓar shayi, mu kuma muna nan muna danna alamar so, muna Allah Ya nuna mana.

Abin da kyamara ba ta cika haskowa ba shi ne wani ɗan akwati da ke ƙarƙashin kujera ko matakalar shiga, inda batura suke. Duk wannan jin daɗin a kansu ya rataya. Ranar da suka ƙi ɗaukar caji, firji zai tsaya, famfo ya daina turo ruwa, fitilu su dushe, fankar da ke hura ɗumi ta mutu da tsakar dare ana tsananin sanyi.

To me mai motar yake fara yi? Abin da ni da kai za mu yi ne: ya yanke hukuncin cewa batir ya mutu, ya zaro kuɗi masu kauri ya sayo sabo. Bayan sati biyu ko uku sabon ma ya kwanta, saboda tun farko ba batirin ne ya janyo matsalar ba. An bar jaki ne ana dukan taiki.

Ina ruwanmu da motar Turawa?

Da ruwanmu kuwa. Tsarin wutar da ke cikin motar tafi-da-gidanka, wadda Amurkawa ke kira RV, shi ne dai tsarin da ke shagon cajin wayarka, ko rumfar POS ɗinki, ko shagon askin abokinka: batir, inbata, farantin sola, kwantirola da wayoyi. Nasu dai yana kan taya ne kawai.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin Band A naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, sannan Arewa ta kwashe kwana da kwanaki cikin duhu a ƙarshen Oktoban 2024 bayan lalacewar manyan layukan wuta, matasa da yawa suka tattara ɗan jarinsu suka zuba a sola. Haka ma 'yan uwanmu na Nijar, da suka ji jiki lokacin da Najeriya ta katse musu wuta a Agustan 2023. A cikin kayan nan kuwa, batir ne ke lashe kaso mai tsoka na kuɗin, kuma shi ne ke riga sauran mutuwa.

Su masu motocin sun riga mu shiga wannan matsala da shekaru masu yawa. Kamfanin Winnebago na jihar Iowa ya fara ƙera irin waɗannan motoci tun 1966. A shekarar 2021 kaɗai, kamfanonin Amurka sun fitar da motoci da tirelolin kwana sama da 600,000. Maƙalar #vanlife da muke gani ta samo asali ne daga wani matashi mai suna Foster Huntington, wanda ya ajiye aikinsa a New York a 2011 ya koma zama a mota. Ba kowa ne ke yi don gayu ba kuma. Fim ɗin Nomadland, wanda ya lashe kyautar Oscar a 2021, labarin waɗanda matsin rayuwa ya kora cikin mota ne. Mutumin da motarsa ce gidansa, yana tsakiyar hamadar Arizona nesa da mai gyara, dole ya koyi binciken wutarsa da kansa. Hanyar da suke bi ɗin nan ce abin ɗauka a gare mu.

Batir biyu, ƙofa uku

Irin wannan mota tana da batir kala biyu. Akwai batirin inji, wanda aikinsa ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu don a tayar da mota. Akwai kuma batirin ɗaki, mai ba da wuta kaɗan-kaɗan na tsawon sa'o'i. Na farko ɗan tseren mita 100 ne, na biyu ɗan gudun yada-ƙanin-wani. Shi ya sa duk wanda ya ɗora batirin mota a kan inbata don neman sauƙi ba ya daɗewa yake komawa kasuwa. Araha ba ta ado.

Caji na shiga batirin ɗaki ta ƙofa uku. Ta farko, soket: idan an faka a sansanin matafiya sai a jona motar da wutar gari, bolt 120 a Amurka, bolt 230 a Turai kamar tamu, wata caja da ke cikin motar ta mayar da ita wutar batir. Ta biyu, altanetar mota lokacin da inji ke aiki. Ta uku, farantan sola da ke kan rufi. A gidajenmu, ƙofar farko ita ce NEPA ko janareta ta cikin inbata, ta uku kuma sola ce sak.

Ka ɗauki batir a matsayin tankin ruwa. Idan ka buɗe famfo ba ruwa, abu huɗu ne: ko injin bohol bai turo ba, ko bututu ya toshe, ko mutanen gida na ɗiba fiye da abin da ke shiga, ko kuma tankin ya fashe. Ba mai hankalin da zai fara da sayen sabon tanki. Amma a harkar batir, daga nan yawancinmu muke farawa.

Kafin ka taɓa komai

Batir mai bolt 12 ba ya jan mutum, amma yana iya sakin ɗaruruwan amp a lokaci guda. Idan sifana ta haɗa kawunansa biyu, ƙarfen na iya yin ja nan take, har gobara ta tashi. Cire zobe, agogon ƙarfe da awarwaro. Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin idan yana caji, don haka ba sigari, ba ashana, ba shisha a kusa, kuma a buɗe taga. Ruwan cikinsa asid ne, a kare ido. Idan za ka kwance waya, fara cire baƙa, wato ta wajen alamar ragi, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. Cikin inbata da duk wani ɓangare mai wutar NEPA kuwa, a bar wa mai lantarki.

Mataki na farko: tambayi mita

Kayan aikin da kake buƙata guda ɗaya ne, ɗan mitan awon wuta na hannu da ake kira maltimita. Kuɗinsa bai kai ko kusa da na batir ba. Kada ka dogara da sandunan da ke fuskar inbata, don galibinsu kintace suke yi daga ƙarfin wutar lokacin.

Kashe komai, kashe caji, ka bar batirin ya huta na 'yan sa'o'i. Idan ka auna shi daga saukowarsa daga caji, lambar za ta yi sama ta ruɗe ka. Sai ka juya mita zuwa DC, jan tsinke a kan alamar tarawa, baƙi a kan alamar ragi. Ga batirin dalma mai bolt 12, irin su tubula da jel, 12.6 zuwa 12.8 na nufin cike yake. Wajen 12.2 ya kai rabi. Ƙasa da 12.0 ya galabaita. Shi kuwa litiyam, irin wanda ake rubuta wa LiFePO4, yakan huta a wajen 13.3 zuwa 13.6 idan ya cika. Mai tsarin bolt 24 sai ya ninka waɗannan lambobi biyu, mai 48 ya ninka huɗu.

Yanzu ga gwajin da ke raba gardama. Mita na kan batir, sai ka kunna ƙofa ɗaya kacal, ka zuba ido. Idan caji na isowa, lambar za ta fara hawa, ta wuce 13, daga baya ta doshi 14.4. Idan ta tsaya cak kamar ba abin da ya faru, to wuta ba ta iso ba, kuma ba ka da hujjar zargin batir tukuna. Gwada kowace ƙofa ita kaɗai. Idan ɗaya ce ta ƙi, sauran na aiki, matsalar na kan wannan hanyar. Idan dukansu suka ƙi, nemi abin da suka yi tarayya a kai: babban fis, makunnin batir, ko baƙar wayar da kowa ke komawa ta kanta.

Ƙofar soket: NEPA ta kawo, amma shiru

A motocin tafi-da-gidanka, abin da ya fi ba mutane kunya shi ne wani makunni da ke kusa da ƙofar shiga, wanda ke raba batirin ɗaki da sauran motar. Gwiwa ko jakar wani na iya taɓa shi ba a sani ba. A motoci da yawa, idan an jona da wutar gari fitilu za su kama lafiya lau saboda caja na ba su wuta kai tsaye, alhali batir na gefe ba ya samun komai. Sai ranar da aka zare soket asiri ya tonu.

Bayan shi akwai bireka ta wurin da aka jona, da birekar cajar kanta. Akwai kuma wasu fis a jikin cajar da aka sa musamman don ranar da wani zai juya wayoyin batir, ja a wurin baƙa. Ko na daƙiƙa ɗaya ne za su ƙone don su ceci cajar. Shi ya sa sau da yawa matsalar ke farawa daidai ranar da aka sa sabon batir.

Dabarar ita ce ka auna wuri biyu. Idan a bakin caja ka ga 13.6, a kan batir kuma 12.1, to ɓarawon na tsakaninsu. Bi wayar taku-taku har ka isa inda lambar ta faɗi. Galibi za ka tarar da fis da ya ƙone, ko noti da ya saki, ko farin gari da kore-kore da suka lulluɓe kan batir. Ana wanke wannan da bekin soda, da ɗan ruwa da burushin ƙarfe, a kula kada ya shiga cikin batirin. Duk mahaɗar da ta yi zafi lokacin caji, tana cinye wutar da ya kamata ta shiga batir.

A wajenmu akwai ƙarin abu biyu. Na ɗaya, wutar da ake kawowa wani lokacin ba ta da ƙarfi, irin wadda ƙwai ke ci kamar aci-bal-bal. Inbata da yawa suna da zaɓi biyu: na UPS, wanda ba ya karɓar wutar da ta yi ƙasa da wajen bolt 170, da na kayan gida, wanda ke karɓa har wajen 90. Idan tana kan na farko, maƙwabta na murnar an kawo wuta, inbatarka kuwa ta ƙi ta, tana ci gaba da zuƙar batir. Ƙaramin janareta mai hawa da sauka ma haka take yi masa. Na biyu, inbata mai haɗe da sola tana da saitin da ke cewa daga ina za a yi caji. Idan mai haɗawa ya bar ta a kan sola kaɗai, ko NEPA ta kwana ba za ta sa wa batir komai ba. Duba littafin inbatar, ko ka nemi lambar samfurinta a intanet.

Ƙofar inji: an yi tafiya, batir bai ƙaru ba

Tsakanin batirin inji da na ɗaki akwai wani makunni mai sarrafa kansa, wanda masu riwaya ke kira rile. Idan inji ya tashi sai ya haɗa su don altaneta ta yi wa duka biyun caji, idan an kashe ya raba su don kada firji ya zuƙe batirin tayar da mota. Gwajinsa ba wuya: tayar da inji, auna batirin inji, ya kamata ka ga wajen 13.8 zuwa 14.4. Auna na ɗaki. Idan bai bi sahu ba, to rilen ne, ko fis ɗinsa, ko siririyar wayar da ke ba shi umarni. Wani rilen ma za ka ji ya yi ƙas, amma cikinsa ya ƙone.

Motocin Turai na baya-bayan nan, tun daga wajajen 2015 da aka tsaurara dokar hayaƙi ta Euro 6, da yawa suna da altaneta mai rage ƙarfinta da kanta don tattalin mai. Tsohon rile ba ya jituwa da ita, batirin ɗaki ba zai cika ba ko an wuni ana tafiya. Maganin shi ne caja ta musamman daga batir zuwa batir, wadda ake kira DC-DC. Ita ce kuma ke kare altaneta daga ƙonewa idan batirin ɗakin litiyam ne, don shi litiyam haɗama gare shi wajen jan wuta. Masu sa batir na biyu a mota don lasifikar talla ko firizar sayar da kayan sanyi, wannan naku ne.

Ƙofar sola: ga rana, ba caji

Fara da ido. A can ganyen bishiya, dusar ƙanƙara da inuwar na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi ne ke damunsu. A nan ƙurar hunturu ce, da kashin tsuntsaye, da inuwar tankin ruwa ko dish. Inuwa a kan ɗan ɓangaren faranti ɗaya na iya karya ƙarfin duk jerin da aka haɗa su tare. A wanke da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe ko da yamma, lokacin da gilashin ya huce.

Sai mita. Farantin da aka yi don tsarin bolt 12, idan an cire shi daga kwantirola da rana tsaka, yakan nuna wajen bolt 21 zuwa 22. Lambar da ya kamata ka gani tana rubuce a takardar bayansa. Idan sifiri ka gani, waya ta tsinke ko mahaɗarta ta ƙone. Idan farantan da yawa ne a jere, wutarsu na iya haura bolt 100, wannan kam tana kisa, a kira mai aikin.

Kwantirola ma tana da nata ƙa'idoji. Ana fara jona mata batir, sannan faranti, don daga batirin take gane ko tsarin na 12 ne ko na 24. Idan an juya, tana iya rikicewa ko ta lalace. Irin wadda ake kira MPPT tana buƙatar wutar faranti ta ɗara ta batir kafin ta fara aiki. Ta kamfanin Victron, misali, sai ta ga ƙarin bolt 5. Duba kuma ko an gaya mata irin batirin da take yi wa hidima, don abincin tubula daban, na jel daban, na litiyam daban. A yi hattara da jabu: akwai ƙananan kwantirola marasa nauyi da ake manna wa tambarin MPPT alhali PWM ne. Ta gaskiya tana da nauyi, saboda naɗin wayar tagulla da ke cikinta.

Caji na shiga, amma kashewa ta fi samu

Wannan ita ce matsalar da mita a kan batir ba zai faɗa maka kai tsaye ba, sai ka ɗauki biro. Bari mu yi misali da lissafi. Kana da batir biyu masu bolt 12 da 200Ah, an haɗa su sun zama bolt 24. Abin da suke ɗauka wat-awa 4,800 ne. Batirin dalma ba a son a wuce rabinsa, ke nan 2,400 ne naka.

A ce farantanka biyu ne, kowane wat 300. Idan suka samu awa 5 na rana mai ƙarfi, 3,000 ke nan. Cire kashi ɗaya cikin huɗu na asarar zafi, ƙura da waya, saura 2,250. Yanzu kashewa: fanka biyu masu wat 70 na awa 12, 1,680. Talabijin da dikoda wat 100 na awa 6, 600. Ƙwai shida masu wat 10 na awa 6, 360. Ita kanta inbata, ko ba a kunna komai ba tana cin nata. A ce wat 40, a awa 24 ya zama 960. Jimla 3,600. Kullum kana cin bashin 1,350. Kafin kwana biyu ka cinye rabin da aka yarje maka, daga nan batirin ba zai sake ganin cika ba.

A motocin can ma haka ne: na'urar gano yoyon gas, rediyo da inbatar da aka manta a kunne suna tsotsa a hankali, a ajiye mota wata guda a dawo a tarar da batir a ƙasa. Wanda ke cikin wannan hali, ko batir goma ya saya haka za su bi juna. Mafita ita ce a ƙara faranti, a rage kaya, a riƙa kashe inbata idan ba a amfani da ita.

Ranar da laifin na batir ne

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wani lokacin batirin ne da gaske. Batirin dalma tsohuwar fasaha ce, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro ta a 1859, kuma babban ciwonta bai canza ba: idan aka bar batir ba caji na tsawon lokaci, wani farin gishiri yakan daskare a kan farantan cikinsa ya hana su aiki. Alamarsa ita ce batir ya nuna ya cika cikin 'yan mintuna, ya kuma faɗi da zarar an kunna fanka. Tankin ne ya koma kofi.

Batir mai bolt 12 ɗakuna shida ne a ciki, kowane da wajen bolt 2.1. Idan bayan dogon caji da hutu ka ga ya tsaya a wajen 10.5, alama ce ɗaki guda ya mutu. Idan ya kumbura, ko yana zafi sosai, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, kashe caji nan take. Mai batir mai ruwa ya riƙa duba ruwan, kada farantan ciki su fito fili, kuma tataccen ruwa na distil kawai ake ƙarawa. Ban da fiya wata, ban da ruwan bohol, ban da ƙarin asid. Idan batura biyu ko huɗu ne a jere, auna kowane shi kaɗai, don guda ɗaya mara lafiya na jan sauran ƙasa. Haka kuma haɗa sabo da tsoho, tsohon ne zai tsufar da sabon.

Zafi ma makashi ne. Ƙa'idar da masu ƙera batir ke bayarwa ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 na rage rayuwar batirin dalma da kusan rabi. Yanzu ka tuna shagon kwano a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, zafi ya haura 40. A nema wa batir inuwa da iska.

Shi litiyam nasa salon daban. Yana da wata ƙwaƙwalwa a ciki da ake kira BMS, mai rufe ƙofa idan ta hango haɗari. A ƙasashen sanyi takan hana caji idan yanayi ya sauka ƙasa da digiri sifiri, mai mota ya yi ta zaton batir ya lalace alhali ɗumi kawai yake jira. Takan rufe kuma idan zafi ya yi yawa, ko aka zuƙe batirin ƙarƙaf. A lokacin mita zai nuna sifiri ko wata 'yar lamba, caja mai wayo kuma ta ƙi farawa don ba ta ga batir ba. Barci yake, bai mutu ba. Ana tashinsa da cajar da ke da wannan aikin, ko ta hanyar da kamfanin ya bayyana a littafinsa. Wanda ya koma litiyam ya bar tsohon saitin caja kuwa, ko dai batirin ba zai cika ba, ko BMS ta yi ta yankewa.

In ya tabbata ya mutu

Kada a fasa shi a gida, kada a zubar da ruwansa a kwata, kada a bar yara su yi wasa da shi. Dalma guba ce, kuma mun ga aikinta a Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga sarrafa duwatsun zinare ta hallaka ɗaruruwan yara. A mayar da tsohon ga dillalin da ke karɓa yana rage kuɗin sabo. Kafin a ɗora sabon kuma, a tabbatar an gano abin da ya kashe na farko. A karɓi rasit da takardar garanti, a auna shi a shagon kafin a ɗauka.

Idan mai gyara ya zo ya leƙa, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce maka batir ne, kada ka yi masa gardama. Cikin ladabi ka ce, Oga, don Allah nuna mini lamba uku: nawa ke fita daga caja ko kwantirola, nawa ke isa kan batir, nawa kuma batirin ke nunawa bayan ya huta? Mai aikin kirki zai zaro mita ya nuna maka cikin minti goma, har ma ya ji daɗin tambayar. Wanda ya fara kame-kame, ka nemi wani ya sake dubawa kafin ka taɓa asusunka.

Ga masu zaman jiran aiki kuma, maza da mata, akwai abin dubawa a nan. Sola na ƙaruwa a unguwanninmu kullum, kuma duk wanda ya sa, wata rana zai nemi mai duba masa. Mita ɗaya, littafin rubuta lambobi, da 'yan watanni a hannun ƙwararren mai haɗa sola sun isa mafari. Daga cikin datar da muke ƙonawa wajen kallon gidajen kan taya, a ware kaɗan a kalli bidiyon da masu gidajen ke buɗe akwatin baturansu suna gwaji.